Kyamarorin da Aka Tura Yaƙi Laberiya

A makon farko na watan Nuwamba 2016, masu layin Lonestar MTN a Laberiya suka rasa gane kan wayoyinsu. Ga caji, ga data an saya, amma shafi ya ƙi buɗewa, saƙo ya ƙi tafiya. Sabis ya leƙo na ɗan lokaci, kafin mutum ya gama abin da yake yi ya sake ɗaukewa. Ba turken sabis ne ya faɗi ba, wayar da ta taho ta ƙarƙashin teku ma lafiyarta ƙalau. Dubun dubatar na'urori ne daga ƙasashe daban-daban suka juyo kan kamfanin a lokaci guda, suna yi masa ruwan saƙonnin banza har kwamfutocinsa suka kasa ɗauka. Da yawa daga cikin na'urorin kyamarorin tsaro ne, irin waɗanda ake kafawa a ƙofar kanti ko a harabar gida. Masu su suna can suna harkokinsu, kyamarorin suna ɗaukar hoto kamar kullum. Babu wanda ya san kayansa suna cikin rundunar da ke yaƙar wani kamfani a Afirka ta Yamma.

Mutum ɗaya ne yake ba rundunar umarni, yana zaune a tsibirin Saifurus. Amma ba shi ya ƙera makamin ba. Wasu samari uku ne a Amurka suka ƙera shi, kuma wasan yara ne ya kai su ga hakan.

Minecraft wasan kwamfuta ne da ake gina gidaje da garuruwa da tubala a cikinsa. Ya yi farin jinin da a 2014 kamfanin Microsoft ya biya dala biliyan 2.5 ya sayi kamfanin da ya ƙirƙiro shi. Duk mai hali yana iya kafa babbar kwamfutarsa ya buɗe fagen wasa, yara su taru a wurinsa suna biyan kuɗin ƙananan abubuwa, kuma mai fage mai jama'a yana samun dubban daloli a wata. Sai dai yaro ba ya jira. In fagenka ya tsaya na awa biyu, ya koma na maƙwabcinka. Daga nan aka sami masu sana'ar tsayar da fagen wani. Dabarar ba ta buƙatar a fasa komai. Kamar ka tara mutum dubu ne ka tura su ƙofar shagon abokin hamayyarka, kowa yana tambayar farashi, babu mai saye, har mai saye na gaskiya ya rasa hanyar shiga ya juya. Iyakar abin da ake buƙata shi ne taron da za a tura, kuma a intanet taron na'urori ne.

A wancan lokacin Paras Jha ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Jami'ar Rutgers da ke jihar New Jersey. Tun daga 2014 yake kai wa jami'ar tasa irin wannan hari, wani lokaci daidai lokacin da ɗalibai ke rajistar darussa. Shi da abokinsa Josiah White sun kafa wani ƙaramin kamfani mai suna ProTraf, wanda sana'arsa ita ce kare mutane daga irin harin da su kansu suka iya kaiwa. Na ukunsu Dalton Norman ne. Babu wanda ya wuce shekara ashirin da ɗaya a cikinsu. A tsakiyar 2016 suka haɗa manhajar da suka sa wa suna Mirai, a watan Agusta kuma masu bincike suka fara ganin sawunta.

Abin da ke tayar da hankali game da Mirai shi ne sauƙinta. Masu kutse na da can kwamfutocin mutane suke nema, kwamfuta kuwa tana da manhajar kariya, tana da mai ita da zai lura in ta yi nauyi. Waɗannan samari suka juya ga abubuwan da babu mai kula da su: kyamarar tsaro, akwatin naɗar bidiyo, rauta mai rarraba intanet a gida. Kowanne ƙaramar kwamfuta ce da ke kunne dare da rana. Mirai tana zaɓar adireshin intanet da ka, ta ƙwanƙwasa wata tsohuwar ƙofa da ake kira Telnet, wadda masu ƙera kayan suka bari a buɗe don sauƙin aikinsu. In an amsa, sai ta gwada kalmomin sirri kusan sittin da take ɗauke da su. Kalmomin ba wasu ɓoyayyu ba ne, su ne waɗanda na'urorin ke fitowa da su daga masana'anta: admin, 12345, 888888, da makamantansu. In ɗaya ta yi daidai, ta shiga. Sai ta kori duk wata manhajar ɓarna da ta riga ta zuwa, ta rufe ƙofar a bayanta, ta sa na'urar ita ma ta shiga farautar 'yan'uwanta, tana jiran umarni.

A nan ya kamata a yi wa masu kayan adalci, domin an daɗe ana ɗora musu laifin sakaci. Gaskiya ne da yawa ba su canza kalmar sirri ba. Amma a wasu na'urorin, musamman waɗanda ke ɗauke da kayan cikin da kamfanin Xiongmai na ƙasar Sin ya ƙera, kalmar da ke buɗe wannan ƙofa an dasa ta ne a cikin manhajar na'urar. Ko mai kaya ya shiga ya canza kalmar da yake gani, waccan tana nan, bai ma san da ita ba. Kashe na'urar da sake kunna ta yana kore Mirai, amma cikin 'yan mintoci wata na'urar da ta kamu za ta sake ƙwanƙwasowa da kalmar nan dai.

Masu binciken da suka bi diddigin yaɗuwarta daga baya sun gano cewa a awa ashirin na farko ta kama na'urori kusan 65,000, adadin yana ninkawa kusan kowane minti 76. Daga nan ta zauna tsakanin 200,000 da 300,000, kuma a lokacin da ta fi ƙarfi ta kai kimanin 600,000. Ƙasashen da suka fi yawan na'urorin da suka kamu su ne Burazil da Kolombiya da Biyetnam, wuraren da kaya masu araha ke da kasuwa. Samarin sun san abin da suke yi: sun rubuta wa manhajar jerin adireshin da ba za ta taɓa ba, ciki har da na ma'aikatar tsaron Amurka da hukumar gidan waya ta ƙasar.

A watan Satumba duniya ta ji ƙarfin abin. An kai wa OVH, wani babban kamfanin ajiye shafukan intanet a Faransa, harin da ya kai kusan terabit ɗaya a sakan, kuma masu fagen Minecraft da ke zaune a wurinsa ake nema. Ranar 20 ga watan aka juya kan Brian Krebs, ɗan jaridar Amurka da ya ƙware a bin sawun masu laifin intanet, wanda bai daɗe da tona asirin wasu masu sayar da irin wannan hari ba. An zuba wa shafinsa kimanin gigabit 620 a sakan. Kamfanin Akamai da ke kare shi kyauta ya ga nauyin zai shafi masu biyansa, ya janye. Shafin ya yi kwanaki a rufe kafin Google ya ɗauke shi ƙarƙashin wani shirinsa na kare 'yan jarida. Wato da kyamarori masu araha an iya rufe bakin ɗan jarida ba tare da kotu ko ɗan sanda ba.

Da samarin suka ga idanu sun yi yawa a kansu, sai suka yi abin da ya fi duk sauran muni. A ƙarshen Satumba, Jha, da sunan ɓoye na Anna-senpai, ya zuba dukan rubutun manhajar a wani dandalin masu kutse, kyauta, har da bayanin yadda ake haɗa ta. Lissafinsa shi ne in kowa yana da ita, samunta a kwamfutarsa ba zai zama shaida a kansa ba. Cikin makonni aka sami rundunoni da dama a hannun mutanen da ba su san juna ba, suna ƙwace na'urori daga hannun juna. Ranar 21 ga Oktoba ɗaya daga cikinsu ta afka wa Dyn, kamfanin da ke haɗa sunan shafi da adireshinsa na gaskiya. Twitter da Netflix da PayPal da Spotify da wasu manyan jaridu suka ɓace wa miliyoyin mutane a gabashin Amurka na tsawon awanni. Saura ƙasa da mako uku a yi zaɓen shugaban ƙasa, don haka mutane da yawa suka ɗauka wata ƙasa ce ke gwada ƙarfi. Sai a 2020 wani da yake ƙaramin yaro a lokacin harin ya amsa laifin hannu a ciki, kuma abin da suke hari tun farko dandalin wasan PlayStation ne.

Cikin waɗanda suka ɗauki manhajar akwai mutumin nan na Saifurus, Daniel Kaye, ɗan Birtaniya da ya koya wa kansa kutse yana sayar da gwanintarsa ga mai biya. Tun a 2015 wani babban ma'aikacin Cellcom, kamfanin da a lokacin yake gogayya da Lonestar a Laberiya, ya ɗauke shi aiki. Buƙatar ita ce a sa sabis ɗin Lonestar ya riƙa yankewa har masu layin su gaji su koma wurin abokin hamayya. Daga Oktoban 2015 Kaye yana hayar rundunonin wasu yana kai hari. Da Mirai ta fito, sai ya gyara ta ya gina tasa, wadda masu bincike suka yi wa lamba 14, ya cika ta da kyamarorin kamfanin Dahua, har ta zama ɗaya daga cikin mafi girma a duniya.

Sai mutum ya tuna wace ƙasa aka yi wa haka. Laberiya ta fita daga yaƙin basasa a 2003. Cutar Ebola ta kashe mata mutane sama da 4,800 tsakanin 2014 da 2016, ta durƙusar da kasuwanci da asibitoci. A lokacin, wayar ƙarƙashin teku guda ɗaya tak ta haɗa ƙasar da sauran duniya, wadda ake kira ACE, kuma kamfanonin sadarwar ƙasar duk a kanta suke. Mafi yawan masu shiga intanet ta wayar hannu suke shiga. Wanda ya san yadda ciniki ke tsayawa a wurin mai POS in sabis ya ɗauke ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Ɗan kasuwa da ke jiran saƙon kuɗi, da ɗalibi, da mai ɗan'uwa a ƙasar waje, babu ruwansu da gasar kamfanoni biyu, amma a jikinsu aka yi ta. Kuma ba su da yadda za su san gaskiya. A ganinsu kamfaninsu ne ya lalace, wanda shi ne ainihin abin da mai biyan Kaye yake so su ɗauka.

Wani masanin tsaro ɗan Birtaniya, Kevin Beaumont, shi ne ya fara jan hankalin duniya a farkon Nuwamba, da ya lura cewa runduna ta 14 tana ta dukan adireshin Laberiya da ƙarfin da ya haura gigabit 500 a sakan. Jaridu suka buga cewa an kashe intanet ɗin ƙasa guda. Wasu masana, har da Krebs, sun yi jayayya da hakan, suka ce ma'aunansu ba su nuna ƙasar ta yanke gaba ɗaya ba. Hukumar yaƙi da manyan laifuka ta Birtaniya kuwa ta tsaya a kan cewa harin ya katse intanet a faɗin ƙasar. Abin da babu jayayya a kansa shi ne ɓarnar da aka yi wa Lonestar: ya kashe kimanin dala 600,000 wajen neman kariya, ya rasa masu layi da kuɗin shiga masu yawa.

Sama da shekara guda ana wannan duka, babu wanda aka kama. Abin da ya karya Kaye haɗama ce da kuskure. A ƙarshen Nuwamba ya so ya ƙara wa rundunarsa yawa, sai ya saki wani sabon salo da ke neman rautocin gida ta wata ƙofar da kamfanonin sadarwa ke amfani da ita wajen gyara daga nesa. Ranar 27 ga watan salon ya isa Jamus. Rautocin Deutsche Telekom ba su kamu ba, amma sun kasa jure ƙwanƙwasar, suka sume. Gidaje kusan 900,000 suka rasa intanet da tarho da talabijin. A Birtaniya ma masu hulɗa da TalkTalk da Post Office sun ɗanɗana. Nan take 'yan sandan Jamus suka tashi tsaye, allura ta tono garma. A watan Fabrairun 2017, ƙasa da wata uku bayan abin, aka kama Kaye a filin jirgin sama na Luton kusa da Landan, da dala 10,000 a tare da shi.

Wannan jerin kwanakin yana ci mini rai. Da rautocin Jamus ba su sume ba, da wuya a ce ga ranar da za a daina dukan Laberiya. Mutumin da ya kwashe watanni yana hana talakawan Laberiya amfani da wayoyinsu da gangan, an kama shi ne saboda ɓarnar kwana ɗaya ko biyu da ya yi wa Turawa bisa kuskure.

An kai shi Jamus, inda wata kotu a birnin Kolon ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya da wata takwas na jeka-ka-gyara-halinka a watan Yulin 2017. A gaban wannan kotu ya faɗi cewa daga Laberiya aka ba shi aikin. Aka mayar da shi Birtaniya, ya amsa laifi, kuma a watan Janairun 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure shi wata 32 saboda harin Lonestar. A lokacin yana da shekara talatin. Lonestar ya shigar da ƙarar neman diyya a babbar kotun Landan, a 2023 kuma kotun ta ba shi gaskiya, ta yanke a biya shi miliyoyin daloli. Masu layin da suka yi asarar ciniki da data ba sa cikin lissafin.

Su kuwa samarin uku, daga inda ba a zata ba aka biyo su. Ofishin FBI na birnin Anchorage a jihar Alaska ne ya riƙe binciken, ƙarƙashin wani jami'i mai suna Elliott Peterson. Jami'an sun gano wasu na'urorin da suka kamu a cikin jihar, suka bi gidajen masu su, suka karɓi kayan suka bi zaren da ke haɗa su da kwamfutar da ke ba da umarni. Krebs ma bai zauna ba: a Janairun 2017 ya wallafa dogon bincike da ya nuna Jha ne Anna-senpai. A Disambar wannan shekara su ukun suka amsa laifi. Kafin a yanke musu hukunci sun yi watanni suna taimaka wa FBI a kan wasu masu kutsen, don haka a Satumbar 2018 kotu ba ta ɗaure su ba. Ta ba su shekara biyar ƙarƙashin sa ido, da awa 2,500 na aikin al'umma, da biyan dala 127,000. A shari'ar jami'ar Rutgers, an yanke wa Jha zaman gida na wata shida da biyan dala miliyan 8.6.

Ban ga laifin alƙalin da ya zaɓi a ci moriyar basirar yaran maimakon a rufe su ba. Inda nake ganin an yi sassauci fiye da kima shi ne wajen waɗanda suka ƙera miliyoyin na'urori da kalmar sirri guda suka watsa su duniya. Xiongmai ya sanar da janye wasu kyamarorinsa daga kasuwar Amurka bayan harin Dyn. Waɗanda aka riga aka kafa a sauran ƙasashe suka ci gaba da zama a bango. Dalilin da ya sa gyaran ke da wuya a bayyane yake. Mai ƙerawa ya sayar ya karɓi kuɗinsa. Mai saye araha yake nema, kuma kyamararsa tana aiki ko ta kamu ko ba ta kamu ba, don haka babu abin da zai sa ya damu. Wanda zai ji ciwon yana wata nahiya, kuma ba shi da hannu a cinikin.

Doka ce kawai ta fara shiga tsakani, ita ma a makare. Jihar Kalifoniya ta fara aiki da dokar da ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri ta bai-ɗaya a farkon 2020. Birtaniya ta bi sahu a watan Afrilun 2024. Amma dokar wata ƙasa ba ta bin kaya zuwa kasuwar da ba ta da irin dokar. A garuruwanmu yanzu, rashin tsaro ya sa mai kanti da mai gidan mai da mai makaranta kowa yana kiran mai sa kyamara, a haɗa masa da waya don ya riƙa kallon wurinsa daga gida. Tambayoyi biyu ne ya kamata mai kaya ya yi kafin ya sallami mai aikin: an canza kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita, kuma kamfanin da ya ƙera ta yana aiko da sabunta manhaja? Haka ma rautar da ke falo, wadda duk wayoyin gidan ke bi ta cikinta.

Rubutun da Jha ya zuba a 2016 har yanzu yana yawo, kowa yana ɗauka yana ƙara masa sababbin ƙofofi. A ƙarshen Oktoban 2024 kamfanin Cloudflare ya tare wani hari da aka kai wa wani kamfanin intanet a gabashin Asiya daga ɗaya daga cikin jikokin Mirai. Ƙarfinsa ya kai terabit 5.6 a sakan, kusan ninki tara na wanda ya rufe shafin Krebs, kuma na'urori kimanin 13,000 kacal aka yi amfani da su.